Jirgin Kawu da bakin ruwan da ba ya tsayawa waje ɗaya: shekara 12 a tafkin Rusairis

Wannan labarin wani kawuna ne, yayan mahaifiyata, mai jirgi a tafkin hazzan ɗin Rusairis, wato madatsar ruwan dake jihar Nil Azrak a Sudan. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan faɗi lambar madinar, wato sabon garin, da aka zaunar dasu ba, duk wanda ya san gaɓar gabas ya san irinsa da yawa. Tun ina ɗan sakandare ni ke riƙe masa littafin lissafi, dan haka wani abin a gabana akayi, wani kuma shi ya bani muna zaune gindin jirgi yana ɗinkin koma.

## Kafin ta'aliya, wato ɗaga hazzan

Kakan Kawu cikin ayarin masu tafiya hajji a ƙasa ya zo, ya yada zango a Mai Wurno kusa da Sinnar, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, zangon kuma ya zama gida. Su dama masunta ne tun daga can, da aka gama hazzan ɗin Rusairis a 1966 ruwa ya taru a bayansa sai mahaifin Kawu ya naɗe komarsa ya hauro kudu. A nan Kawu ya tashi, bai taɓa wata sana'a ba.

Jirginsa biyu. Babba na katakon gabaruwa, wanda nan ake cewa sunut, dashi yake ƙetarar da mutane da buhuna da awaki ranar kasuwa, sai ƙaramin kwale-kwalen kamun kifi da ake cewa sharok. Daga ƙofar gida zuwa mushra, wato kwatar da ake ɗaure jirage, Inna matarsa na iya ƙwala masa kira yaji.

Sai ka gane yanda ruwan nan ke tafiya kafin sauran labarin ya shiga kanka. Ba irin tafkin da Allah ya ajiye ya zauna bane, mutane ke buɗe shi suna rufewa. A wancan lokacin, Yuli da Agusta lokacin da kogi ke zuwa jajawur da lakar Habasha ana barin ƙofofi a buɗe dan lakar ta wuce kar ta cike hazzan ɗin, a lokacin tafkin yana ƙasa sosai, ga sama na zuba amma ruwan tafki ya ja baya, baƙo sai ya riƙe baki. Satumba a fara rufewa, zuwa ƙarshen Oktoba ya cika maƙil. Daga nan ayi ta sakinsa kaɗan-kaɗan saboda gonakin Jazira da Rahad da Suki da kuma wutar lantarki, har damina ta zagayo. Tsohon garin su Kawu kan tudu yake mai gangare a tsaye, in ruwa ya sauka 'yan taku ne kawai suka ƙaru zuwa ƙasa. Ba wanda abin ya taɓa damu.

## 2008 zuwa Janairu 2013: an ɗaga hazzan

A 2008 aka fara aikin da kowa ke kira ta'aliya, wato ƙara wa hazzan ɗin tsawo da mita 10. Ruwan da yake ɗauka ya tashi daga kusan kubik mita biliyan 3 zuwa sama da biliyan 7, bangon ya miƙe har kusan kilomita 25. Yaƙin da ya ɓarke a jihar a Satumba 2011 bai hana a gama ba, ranar 1 ga Janairu 2013 aka buɗe. Kusan iyalai 22,000 aka tasa daga bakin ruwa aka zaunar a sababbin garuruwa 12 a gaɓa biyun, ba suna sai lamba, madina kaza madina kaza.

Masu ƙidaya sunzo sun ƙirga ɗakuna, sun ƙirga itatuwan mangwaro da lemo, sun auna gona. Kawu ya samu gida, kuma a faɗi gaskiya ginin yafi wanda ya baro, ga makaranta kusa. Ya tambayi ɗaya daga cikinsu yace toh mushra fa, mutumin ya duba takardarsa yace ya Haj babu gurbin wannan, ai ruwa ne zai zo ya sameku har gida.

## 2013: ruwa yazo, sannan ya tafi

Kuma yazo ɗin. Cikar farko ruwa ya tsaya tafiyar minti 20 daga madina, kifi kuwa sai wanda ya gani, dan sabuwar ƙasa in ruwa ya hau ta ciyawa da ganye na ruɓewa kifi ya samu abinci. Karfasa, wadda 'yan nan ke cewa bulti, da ƙurungu da tarwaɗa da ragon ruwa, har wanda bai taɓa riƙe filafili ba ya sayi koma. Kawu yace a lokacin har ya fara jin kunyar ƙorafin da yayi.

Daga Fabrairu abin ya fara nuna kansa. Sabon bakin ruwan ba tudu bane, fili ne shimfiɗaɗɗe na baƙar ƙasa, in ruwa ya sauka kamu ɗaya a tsaye toh a kwance ya gudu abinda ka kasa jifa da dutse. Kullum mushra na ƙara nisa. Zuwa Mayu tafiyar awa ɗaya da rabi ce, kuma kashin ƙarshe na tafiyar cikin taɓo ne da ke kama ƙafa har gwiwa, karo, wato keken jaki, ma ba ya shiga, jaki sai ya turje. Kifin da aka ciro da asuba ba ya isa bakin hanya sai rana ta take, cikin zafin da ke wuce 40, tajiri ya ɗaga kunnen kifin ya ga ya fara yin fari ya yanke rabin kuɗi, ba ka da ta cewa.

Na biyu kututture. Dajin da ruwa ya hau ba duka aka sare ba, itatuwan sun mutu a tsaye a ƙarƙashin ruwa, koma ta sarƙe ta yage, jirgi ya hau kan reshe ka ji ƙuuu a ƙasan ƙafarka.

A Afrilun shekarar akayi rasuwa a Mai Wurno, Kawu ya tafi gaisuwa ya kwana shida. Ya bar babban jirgin a ɗaure cikin ruwan da ya kai masa ƙugu. Da muka dawo, dani akaje dubawa, muka tarar dashi zaune kan busasshiyar laka ta tsattsage, ya karkata gefe kaman saniyar da ta kasa tashi, ruwan kuma can ka hango shi yana ƙyalli. Rana ta busar da katakon, tsumman da aka cusa tsakanin allunan ya zazzago, ina iya zura yatsa in ga haske ta ɗaya gefen. Kawu ya zagaya shi sau biyu bai ce komai ba, sannan ya cire hula ya goge fuska yace ɗan nan je ka kira mutane. Sai da akayi gayya, maza wajen ashirin da gungumen itace a ƙasa ana turawa ana salati, kwana biyu kafin ya taɓa ruwa, sati uku kafin a gama toshe shi.

## 2014 zuwa 2016: inji

Shawarar da kowa ya bashi ɗaya ce, sayi inji. Ka riƙa zuwa nesa inda ba kututture, ka kai kifi Ganis kusa da hazzan kai tsaye inda motocin Damazin, babban birnin jihar, ke jira, ka huta da taɓo. Kuɗin inji babu, sai wani tajirin kifi ya bashi mai doki 15 da sababbin komaye a tsarin shel, irin bashin da manoma suka sani, shi zai riƙa sayen duk kifin da aka kama a farashin da ya yanka yana cire bashinsa a ciki.

Wata huɗun farko lokacin ruwa na cike littafina yayi kyau, har Inna ta sayi tunkiya. Da ruwa ya fara sauka kututturen suka matso kusa da sama, cikin wata guda ƙusar farfela ta karye sau uku, wannan mai sauƙi ce dama dan ta karye akayi ta. Na huɗun ne ya fasa gidan giyar injin gaba ɗaya, makanikin Damazin yace sai an aiko da kayan daga Khartum, akayi sati biyar ana jira, jirgi a ɗaure bashi na nan yana kallonmu.

Akwai kuma abinda ba wanda ya lissafa. Inji ba a barinsa a bakin ruwa ya kwana, ɓarayi, dan haka kullum sai an kwance shi an saɓa a kafaɗa an ratsa taɓon nan dashi zuwa gida, da asuba a dawo dashi, ga jarkar mai a ɗaya hannun. Wato tafiyar da akace inji zai raba mu da ita sai ma ya ƙara mata kaya. Yaron jirginsa ya gudu a shekara ta biyu ya tafi haƙar zinari, ban ga laifinsa ba.

Nuwamba 2016 gwamnati ta ƙara kuɗin mai, lissafin ya ƙarasa rushewa. Tajirin yazo har gida, anyi shayi an gaisa, yace Malam ni ba zan kai ka ko'ina ba, amma abin nan shekara uku ke nan. Kawu yace Alhaji gaskiyarka, ɗauki injinka, abinda ya rage kuma ga sharok. Haka ƙaramin jirgin ya tafi.

## 2017: ƙanƙara, da abinda bai so a tuna

Wannan ba sai na ja ba. Ya sayi gawar firij ya kwantar a jirgi, yana aiko da ƙanƙara daga Damazin a bokis, wato motar a-kori-kura. Kafin ta iso rabi ya narke, kafin a ratsa taɓo da ita rabin rabin ya bi, da damina kuwa hanyar kan yanke kwana da kwanaki. Wata uku ya bari.

Sai koma mai ƙaramin ido. Kifin ya ragu a kusa saboda masu su sunyi yawa, wasu har da gidan sauro suke jan ruwa, Kawu da ke zagin masu yin haka shima ya ɗaura irin tasu. Abinda ke fitowa 'ya'yan karfasa ne da basu kai yatsa uku ba, a kwano ake sayar dasu ba a kilo ba. Ma'aikatan kifi suka kama komar a wani zagaye suka tafi da ita, bai je roƙo ba. Har yau in aka ɗauko zancen sai ya tashi yace bari in duba awaki.

## 2018: tafiya a ƙasan tafki

A Yunin 2018 ruwa na can ƙasa, Kawu yace in raka shi neman wata koma da ta maƙale tun rani. Muna tafiya kan busasshiyar lakar sai naga yana nuna wurare da sanda yana kiran suna, nan gonar wane ce, can ne masussuka, ga harsashin masallacin tsohon gari, ga maƙabarta, muka tsaya mukayi musu addu'a. Ni fili kawai nake gani duk iri ɗaya, shi kuma gari yake gani.

Sai muka iso wani kwari mai ruwa a ciki har lokacin, ya miƙe yana lanƙwasa ya nufi wajen madina. Yace wannan ai hor ɗinmu ne, rafin da ke kawo ruwan dutse da damina, a nan muke wanka muna yara. Ya tsaya ya daɗe yana kallonsa. Yace ɗan nan ka lura, cikin hor itace ba ya tsirowa, ruwan damina ke tumɓuke shi tun yana ƙarami, duk itatuwan a gefe suke, kuma ƙasansa yashi ne da tsakuwa ba laka ba.

Shikenan fa. Shekara biyar muna faɗa da kututture da taɓo alhali ga hanya a shimfiɗe, mai zurfi, ba itace, gefenta na ɗaukar karo, kuma ita ce ƙarshen wurin da ruwa ke bari in yana janyewa. Matsalar kawai in tafki ya cika ba ka ganinta, ruwa duk ɗaya ne a ido.

A watan muka fara abu biyu. Na farko alama, dutse babba a tsakiyar hor, a ɗaura masa igiya, a ɗaya bakin jarka fanko, in ruwa ya hau jarka ta taso ta nuna hanya. Na biyu littafi, duk Juma'a bayan masallaci in rubuta inda bakin ruwa ya tsaya, ba da mita ba, da abinda kowa ya sani, ya kai masussuka, ya wuce harsashin masallaci, ya taɓa kututturen kuka.

Alamar farko ta bamu kunya. Igiyoyin sunyi gajarta, mun auna da ido ne, da ruwa ya hau a Oktoba jarkokin kusan duk suka nutse, 'yan da suka rage kuma yara suka kwance suka kai gida ɗiban ruwa. Shekara ta zagayo muka ƙara kowace igiya gaba huɗu, jarkokin kuma muka shafe su da baƙin mai da kwalta yanda ba matar da zata yarda a kawo mata su gida.

Cikin wannan daminar, Agusta 2018, labari yazo daga yankin Buhaira na jihar Kogin Nilu, jirgi ya kife da 'yan makaranta bayan injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa, yara 22 da mace ɗaya suka rasu. Inna ta tsaya a ƙofar ɗaki tace Malam, ko dai ka san abinda zakayi ko ka daina ɗaukar 'ya'yan mutane. Rigar ruwa ba a samunta a kasuwarmu, sai ya ɗaure jarkoki bibbiyu da igiya a ƙarƙashin kowane benci, ya kuma zana layi da fenti a jikin jirgin, in ruwa ya taɓa layin ba wanda zai ƙara hawa ko surukinsa ne. Anyi ta masa dariya ana cewa jirgin jarka.

## 2019: jirgi tara, inji ɗaya

Da hanya ta samu sai maganar inji ta dawo, amma ba irin ta da ba. Masu sharok tara suka haɗu, bakwai Hausawa biyu maƙwabtanmu 'yan asalin yankin, suka kafa sanduk, adashi dai, suka sayi inji na hannu aka ɗaura a babban jirgin Kawu. Da yamma ya ja su a jere da igiya ta cikin hor zuwa buɗaɗɗen ruwa, kowa ya saki ya tafi ya zuba komarsa da filafili, da asuba ya bi ya tattaro su. Man jirgi ɗaya ake sha maimakon tara, farfela kuma ba ta fita daga layin jarkoki. Shekarar gaba ɗaya ƙusa ɗaya ta karye. Rabon Kawu kashi ɗaya cikin goma na kifin kowa, mai kuma daga sanduk.

Mushra suka mai da ita uku a tsawon hor ɗin, ta kaka kusa da madina, ta sanyi wajen masussuka, ta bazara can ƙasa da harsashin masallaci. Littafi ke faɗa mana yaushe za a tashi, ana matsawa tun kafin ruwa ya gudu ya bar jirgi. Aka samu mai karo biyu da ke jira a duk mushrar da ake, aka kafa rumfa da mai gadi, inji ya daina kwana a kafaɗar mutum.

Ba lafiya lau aka tafi ba. Ƙasar da ruwa ke janyewa ya bari mutane na binta da shukar masara da kankana da kabewa, hanyar karo ta ratsa gonar wani, ranar har an ɗaga sanduna. Sai da Umda, wato mai gari, ya zaunar da jodiya, zaman sulhu na dattawa, aka yanka hanya faɗin karo ɗaya a gefen hor, masu jirgi kuma zasu riƙa ɗauko wa manoman amfaninsu kyauta ranar kasuwa. Mutum biyu suka fita daga haɗin kan zargin ana jan wasu zuwa wuri mai kifi ana barinsu, wasu biyu suka shigo, daga nan aka koma ƙuri'a da tsinke kowace yamma.

Ɓangaren Inna kuwa ni a lokacin ban ɗauke shi komai ba. Ta tara matan masu jirgin tace duk kifin da rana ta yi masa, maimakon a bai wa tajiri a rabin kuɗi a kawo musu. Su tsaga tarwaɗa su shanya ta zama kajik, wani su yi banda irin ta gida, kawara da tsage kuma a gishirta. Kan gado na gora suke shanyawa sama da ƙasa saboda ƙwaro, tace duk wadda ta fesa maganin ƙwari a kifi kaman yanda wasu keyi ta fita daga cikinsu. Kajik na da kasuwarsa da ba ta mutuwa, manyan gonakin dawa da riɗi na Agadi da Dali da Mazmum dashi ake wa leburori miya. Tun daga nan in tajiri ya taɓe baki sai kaji masunci yace bar shi Alhaji, akwai mai so a gida.

## 2020 da 2021: littafi ya fara ƙarya

Yuli 2020 Habasha ta fara tara ruwa a Saddin Nahda, babban hazzan ɗinta, wanda ke can sama damu daf da iyaka. Kogi ya ragu farat ɗaya har wasu tashoshin ruwan sha a Khartum suka tsaya, sannan a Satumba aka samu ambaliyar da ta wuce ta 1946 da ta 1988. A 2021 kuma hukumomin ban ruwa suka riƙe ruwa a Rusairis saboda tsoron ciko na biyu. Mu dai abinda muka gani a ƙasa shine littafin da muka dogara dashi ya daina faɗin gaskiya, satin da ya kamata ruwa ya bar masussuka yana nan bai motsa ba, wani satin kuma a kwana uku ya yi tafiyar da da yake yi a sati biyu. Sharok biyu suka kwana kan laka.

Kawu yace toh a daina tambayar wata, a tambayi ruwan. Aka kafa doguwar gora a kowace mushra da tsaga a kowane taƙi, mai gadi ya duba da magariba ya duba da asuba. Doka ɗaya, in ya sauka taƙi guda cikin kwana biyu a matsa da jirage ko da wane wata ne. Wani ɗan uwanmu dake zaune Ganis kuma in yaga an ƙara buɗe ƙofofi sai ya turo murya ta WhatsApp. Ruwan kansa ya canza, lakar na kwanciya a can sama, ya rage ja ya ƙara haske, masunta sukace kifi na ganin koma da rana, su ya koma na dare kusan gaba ɗaya.

## Yuli zuwa Oktoba 2022

Wannan ba sai na bada labarinsa ba, duk Bahaushen Sudan ya san rikicin ƙabilancin da ya faru a Rusairis da Ganis a Yuli, da Wad al-Mahi a Oktoba inda aka rasa sama da mutum 200 cikin 'yan kwanaki. Dubban mutane suka bar jihar. Abinda ya shafi jirgi kawai zan faɗa.

Daren da zasu tafi Kawu da mutum uku suka kai babban jirgin lanƙwasa ta biyu a hor, suka loda masa duwatsu suka cire toshiya ya nutse. Yace katako a cikin ruwa ba abinda zai same shi, rana ce maƙiyiyarsa, wuta kuma ba ta bin abu ƙarƙashin ruwa. Injin kuwa ɗaya daga cikin maƙwabtan nan biyu da ke cikin sanduk, wanda a lissafin ranar yana ɗaya ɓangaren, shi yazo da kansa ya naɗe shi a leda ya binne a garken awakinsa. Yace yaya, in kun dawo yana nan, in baku dawo ba in aiko muku dashi duk inda kuke.

Sun zauna wajen dangi a Mai Wurno. Farkon 2023 bayan zaman sulhun da akayi a Damazin Kawu ya dawo shi kaɗai tukuna. Cikin sharok tara huɗu aka samu. Mutum ɗaya cikin haɗin ya rasu a rikicin, Allah ya jiƙansa, biyu sunce sun bar Nil Azrak ke nan. Injin na nan inda aka binne shi. Jirgin sai da aka jira ruwa ya sauka aka kwashe duwatsun, ya taso da gansakuka da ƙurungu biyu a ciki, ba allo ɗaya da ya tsage.

## Afrilu 2023 zuwa 2025: yaƙi

Ko wata biyu basuyi da komawa ruwa ba yaƙi ya tashi a Khartum ranar 15 ga Afrilu. Kasuwar ɗanyen kifi ta can ta mutu, Disamba Wad Madani ta bi, Fabrairu 2024 layin waya ya ɗauke, muryar ɗan uwanmu na Ganis ta daina zuwa sai gora kaɗai. Ƙarshen Yuni 2024 ɓangaren da ke yaƙi da sojoji ya kama Sinja hanyar Damazin zuwa arewa ta rufe, mai ya zama abinda ake sayarwa a kwalba. Inji ya koma ɗaki. Aka ɗinka wa babban jirgin tanti da mushamma, wato tamfol, aka kafa sanda, in iska ta yarda ya ja sauran, in ta ƙi kowa ya kama filafili, hanyar hor dai ita ake bi.

Abinda ya riƙe gidajen a watannin nan kajik ɗin Inna ne. Damazin ta cika da 'yan gudun hijira, nama ya fi ƙarfin mutane, ba wuta balle firij, busasshen kifi kuma ba ruwansa da wuta. Da kuɗin hannu sukayi wuya har musaya akayi, ƙullin kajik da mudun dawa. Nuwamba 2024 sojoji suka karɓe Sinja hanya ta buɗe, a 2025 inji ya koma jikin jirgi. Yanzu sharok shida ke cikin haɗin, Kawu ya sake sayen nasa ƙarami, ba kowa ke binsa ko jine ɗaya.

## Abinda na gani da na sake karanta littafin

Na zauna na bi littafin daga farko, kuma a ganina shekara huɗun da aka ɓata tsakanin 2014 da 2017 an ɓata su ne saboda an saka wa ciwon sunan da ba nasa ba. Kowa yace matsalar Kawu rashin kayan aiki ce, shi yasa duk maganin da aka kawo na saye ne, inji, ƙanƙara, sabuwar koma, kuma kowanne na buƙatar abinda ke zuwa daga nesa da kuɗin da ba shi ke yanka farashinsa ba. Alhali abinda ta'aliya ta ɗauke masa tsayayyen wurin ɗaure jirgi ne. Injin ma ba shi da laifi, wanda ya karya shi a 2016 irinsa ne ya ɗaga su a 2019, bambancin a karo na biyu akwai hanyar da aka sani da mutum tara masu raba kuɗin mai, kuma ba tajiri a wuya.

Ban kuma yarda da masu cewa haɗin kai ne kawai sirrin ba. Haɗin an sha yinsa a wasu madinun ya watse. Nasu ya tsaya ne dan akwai abu a hannun Kawu da sauran basu dashi, ya san ƙasar tun kafin ruwa ya rufe ta, suma kuma suna da ƙarfin da shi ya rasa. Da kuma Inna, wadda da ba dan ita ba da 2024 ta gama dasu duk da hor ɗin da jarkokin. Sa'a ma na ciki, da maƙwabcin nan bai riƙe amana ba da wani labarin nake rubutawa.

Abinda bai warware ba shine wanda yafi damuna. Satumba 2025 aka buɗe Saddin Nahda a hukumance, ƙarshen watan ruwa yazo da yawa har akayi gargaɗin ambaliya a garuruwan bakin Nilu, mu kuma har yau ba mai sanar da mai jirgi ranar da za a buɗe ko a rufe, sai dai gora. Igiyoyin jarkokin sun ruɓe da yawa, layin ya fara giɓi daga lanƙwasa ta uku zuwa ƙasa, kuma ba a iya gyara shi sai ƙasan hor ta fito an taka da ƙafa. Kawu gwiwa ta fara hana shi doguwar tafiya, cikin samarin ba wanda ya san hanyar daga nan in ba jarka. Munyi dashi in Allah ya kaimu Yuni zamu ɗora shi a karo mu bi hor ɗin har ƙarshe, yana nunawa ina zanawa. Bara ma haka mukayi niyya, ruwan bai sauka ya kai wajen ba.